Ɓarnar da Muka Share

Zuwa ga ƙanwata Harue,

Yau Alhamis, an tashi da rana. Tarin ya ɗan lafa, gwiwoyin ne dai sai a hankali. Ina gaishe ki da kyau, kuma kowace safiya idan na kunna wa marigayan iyayenmu turare ina roƙa miki lafiya. Yaya sanyin Hokkaido, yaya ƙafar maigidanki?

Na san kin ji an yi ƙanƙara a nan Gunma. Rediyo ta ce hadarin ya taso daga kan duwatsu, kafin in kwashe shanya har ya iso. Kowace ɗaya ta kai ƙwan kaza. Tayil ɗin rufinmu, wanda Baba ya jera da hannunsa, ya farfashe ta gabas, ruwa yana ɗiga a ɗakin da kika girma.

Kin san halin garin nan. Washegari da sassafe maƙwabcina Shigeru ya iso da tsani da abokansa, suka cike gurbin da tsofaffin tayil. Matarsa Kinuyo ta share tsakar gida fes, ta ce gidan dattijo ba zai wuni kamar juji ba, a ce ba shi da kowa. Don daɗi na yi ta yi musu godiya.

Da na kira kamfanin inshora, sai matar da ta ɗauka ta ce in aiko da hoton ɓarnar. Wace ɓarna? Ai mun share ta. Alhali katakon ƙarƙashi ya jiƙe, facin ba zai jure guguwar kaka ba. Ɗana Masaharu ya yi ta faɗa a waya, ya ce idan ba su biya ba gyaran ya fi ƙarfinsa, sai in tattara in koma wurinsa a Osaka, a bene hawa na tara. Harue, me zan yi a hawa na tara? Wa zai riƙa wanke kabarin matata Tomiko?

Shigeru da ya ji, ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin inda tsafta ta zama laifi ba, in ba shi guduma ya hau ya mayar da rufin yadda ya same shi. Kinuyo ta ce ji tsohon banza, wanda sai da aka riƙe masa wando kafin ya sauko daga tsani.

Shekaranjiya matar kamfanin ta sake kira. Ta ce ma'aikatan yanayi masu bin sawun hadari sun tabbatar ƙanƙarar ta bi ta kan unguwarmu, kuma idan fasassun tayil ɗin suna nan, ma'aikacinsu zai zo ya gani. Ashe Kinuyo ta shimfiɗa su a hanyar lambunta, sauran kuma an rarraba an zuba a gindin tukwanen fure. Tun jiya ake dawo mini da su a bokiti, da ƙasa a jikinsu, kowa ya ajiye sai ya zauna shan shayi. Rabon da gidan nan ya cika haka tun rasuwar Tomiko.

Ki gaishe mini da maigidanki Seiji, da ɗiyarki Natsuko da yaranta.

Yayanki,
Tokuji

Ma'aikacin da aka ce zai zo yau bai zo ba, har rana ta faɗi. Duk da haka na kira Masaharu na ce kada ya saya mini gado a Osaka tukuna.