Akodiyon Mahaifina Zai Yi Magana da Asuba

Zuwa ga Doña Zunilda,

Ina neman afuwa bisa ɗora miki wannan damuwa, domin na san masu rubuto miki neman shawara a jarida suna ɗauke da abin da ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai na rasa wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba, lokaci kuma yana ƙurewa. Ki taimake ni.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, ina aiki a gidan waya. 'Yata Itatí tana kaɗa akodiyon ɗin mahaifina, marigayi, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi. Ni ban gaje shi ba. Yakan ce yatsuna ba su da kunne. Da ta ajiye karatun jinya ta kama kiɗa, sai magana ta yi ƙaranci tsakaninmu, daga gaisuwa sai a miƙo gishiri. Watan jiya ta zo ta zauna a kicin, ta ce an ba ƙungiyarsu dama a bikin kiɗan gargajiyarmu na chamamé da ake yi a bakin kogi, inda ake kafa tantuna a yi kwana uku, kuma tana so in je. Ba mahaifiyarta ta aiko ba. Ni ta kalla ta faɗa. To amma kin san ba a sa sababbin makaɗa da wuri. Sai manya sun gama, gab da asubar daren ƙarshe. Ni kuwa ban taɓa ganin asuba ba sai ta hanyar farkawa.

Tun ranar na fara shiri. Na karɓo ƙasidu a asibitin unguwa da kantin magani, na karanta su a tsanake. Bakinsu ɗaya: a guji kofi, a guji barcin rana, ɗaki ya zama mai duhu da shiru da sanyi. Na bar kofi. Na bar barcin ranar da nake yi tun ina yaro. Bayan abinci duk unguwa ta rufe tagogi, ni kaɗai nake zagaya falo ina wanke fuska. Na kuma ƙara da nawa tunanin, wato kwanciya tun da magariba don in tara barci in tafi da shi guzuri. Abin da na tara shi ne sanin kowane tsagi da ke jikin rufin ɗakinmu.

Ganin haka, na kafa tanti a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, na kunna rediyo a gefe, domin jikina ya saba. Karen maƙwabta ya ɗauke ni ɓarawo. Matata Nélida ta leƙo ta taga ta ce ba ta taɓa ganin ɗan gudun hijira a gidansa ba. Ƙaninta Anacleto, wanda ke zuwa kullum da yamma da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan da muke sha a ƙoƙo ɗaya ana zagayawa, ya raɗa mini suna Likitan Barci. Shekaranjiya a gaban mutane ya ce, "Likita, ya jikin filon? An samu sauƙi?" Nakan yi murmushi in karɓi ƙoƙon duk lokacin da ya zagayo kaina, har duhu. Na duba ƙasidun, babu inda suka ambaci mate, kuma ba na jin ya dace in mayar da hannun ƙanin matata.

Yanzu na lalace. A wurin aiki na zuba wasiƙun wani gari a buhun wani, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Jiya a danja sai da na bayana ya yi hon. Ni ne kuma zan tuƙo mu gida bayan bikin.

Abin da nake tsoro ke nan: ta hau dandamali, ta duba sahun gaba, ta ga ubanta ya saki baki yana minshari. Za ta ce abin da ta zata tun farko ne, ban ɗauki kiɗanta a bakin komai ba. Har na tanadi uzurin ciwon baya don in zauna a gida. Amma ranar Lahadi na ji ta tana gwaji a ɗakin baya, wani ɗan jan numfashi da akodiyon ke yi kafin ya saki murya, irin na hannun mahaifina ne sak.

Don haka ina roƙon amsa a rubuce kan waɗannan:

1. Shin ana iya tara barci, kuma ta yaya?
2. Ko in sayi maganin barci in tafi da shi?
3. Idan babu mafita, wanne ya fi ƙarancin ciwo a gare ta, in je in yi barci, ko in ƙi zuwa?

Naki cikin girmamawa,
Ido Biyu, daga Goya

*

Don Ido Biyu,

Na ƙi yi maka dariya, ko da yake karen ya kusa kayar da ni. Sauke tantin nan yau.

Ƙasidunka ba ƙarya suka yi ba, amma an rubuta su ne don wanda zai kwana a gadonsa ya tashi aiki, ba don wanda zai raya dare a bakin kogi cikin Janairu, watan da zafi ya fi tsanani a ƙasarmu, ba. Mahaifinka ya kaɗa har gari ya waye sau nawa? Da me ya yi? Da barcin rana. Ka jefar da abin da ke hannunka, ka tafi neman abin da babu. Barci ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka isa wurin ba a gajiye ba. Koma gadonka, ka kwanta lokacin da ka saba, ka dawo da barcin ranarka.

Sai mate. Nélida da Anacleto sun yi maka ba'a, ba su kyauta ba, amma ƙoƙon ya fi bakinsu cutar da kai. Abin da ke hana barci a kofi yana nan a cikinsa. Ka sha da safe. Da yamma ka karɓi zagaye ɗaya, ka ce na gode, a tsallake ka. Ba a taɓa raba zumunci a kan haka ba. Ka adana shi sai daren ƙarshe, lokacin zai yi maka rana.

A wurin bikin, ka kafa tanti nesa da lasifikoki, inda inuwa za ta faɗo da safe. Da rana tanti tanderu ne, saboda haka ka ɗaura ragar kwanciya a ƙarƙashin bishiya, ka toshe kunne, ka rufe ido da ƙyalle. Daren farko da na biyu ba naka ba ne, kwanta da wuri. Maganin da ba ka taɓa sha ba, kada ka fara gwada shi a can. Shi ne ma zai kwantar da kai a sahun gaba. Idan rashin barcin ya ci gaba bayan biki, ka ga likita na gaske. Batun tuƙi kuwa ba na sassautawa: mutumin da aka yi wa hon a danja ba zai hau babbar hanya da iyalinsa bayan kwanan zaune ba. Ko ku yi barci kafin ku taso, ko wanda ya huta ya karɓi makulli.

Tambayarka ta uku ita ce wasiƙar. Ka gaya wa Itatí duk abin da ka gaya mini, har da kare. Yarinyar da ta ji ubanta ya kwana a tsakar gida saboda ita ba za ta ƙara tambayar ko ya damu ba. Ka sa Nélida a gefenka, gwiwar hannunta ta san aikinta. In ma barcin ya sace ka, za a yi shekaru ana ba da labari ana dariya, Itatí ce za ta fi kowa. Kujerar da babu kowa ce ba a yin dariyarta.

Allah ya ba ka barci mai daɗi, ya kuma tashe ka a kan lokaci. Ka gaishe mini da mai akodiyon.

Zunilda