Saƙon da Ba Ka Zo Ka Ji Ba

Unguwar Sarkin Dawaki,
Jalingo.
14 ga Oktoba, 1999.

Zuwa ga ɗana Suhail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya tsare ku da sanyin Jamus, Ya raya jikokin da har yau hotonsu kawai na sani. Mu nan sai godiya. Ƙanwarka Bara'atu ta sauka lafiya a Abbare, an sami mace, an mayar da sunan mahaifiyarku Kaltume. Ciwon gwiwata yana nan, mun saba da juna.

Damina huɗu ke nan da binne mahaifiyarka, ba ka tako garin nan ba. Ranar sadakar arba'in kati ka aiko. Da shekara ta zagayo ka aiko kwamfuta, wai ta ɗebe mini kewa. Na saba da irin wannan. Gwamnatin da na bauta wa tun muna Yola ita ma da takarda ta sallame ni, aka ɗora yaran da na koya wa rubuta wasiƙa a kujerata. Amma naka ya fi ciwo, don ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, kai kuwa ko kukan ba mu ji ba.

Fayafayan Linux guda biyu da ka aiko, na sa wa kwamfutar sabon tsari, sun iso. Na kai wa Manasseh, maƙwabcinmu mai shagon buga takardu, muka zauna muka duba. Ya ce ɗaya na ƙwararru ne, sai mutum ya rubuta kowane umarni da hannu, ɗayan kuwa na masu koyo ne, da hotuna yake jagora. Muka zaɓi na biyun, kamar yadda kai ma ka ba da shawara. Na so abin ƙwarai da ya bayyana mini cewa mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi, suka bar shi kyauta kamar rijiyar bakin hanya. Ya ce in dakata ya dawo daga jana'izar baffansa a Zing. Amma kai ka rubuta cewa ko yaro zai iya sa shi, in zaɓi layin farko da zai fito a allon kawai in bar shi ya yi komai da kansa, kada gargaɗinsa ya tsorata ni tunda babu wani abin kirki a cikin na'urar. Ni da na yi karatu a Zariya lokacin da karatu yake karatu, sai na ga ba sai na jira kowa ba. Na bi takardarka layi-layi.

Ka ce babu abin kirki a ciki domin ba ka taɓa tambaya ba. Ana saura mako biyu ta rasu, mahaifiyarka ta sa aka kawo rediyo bakin gadonta, ta yi maka magana a kaset. Ta kira ka da sunan da take kiranka kana goye, ta jero maka sunayen shanun kakanka na Iware da Fillanci, ta yi dariya, ta yi tari, ta yafe maka. Na ƙi aiko maka da shi, na ce wanda aka yi wa saƙon ya zo ya ji a ɗakin da aka yi shi. Bara da danshi ya fara kama zaren, Manasseh ya juye mini muryar cikin kwamfutar. Ba a jima ba rediyo ya tauna kaset ɗin ya tsinka shi. Ban damu ba a lokacin. Kowace Juma'a in na dawo masallaci nakan kunna in ji ta.

Sabon tsarin ya hau lafiya lau, ba ya daskarewa kamar na da. Ashe layin farkon nan share cikin na'urar yake yi kaf kafin sabon tsarin ya shiga. Da Manasseh ya dawo ya wuni yana nema, har ya tafi da abin ajiyar na'urar Yola wajen wani masani. Jiya ya dawo mini da shi a leda, ya kasa kallon idona, ya ce an riga an rubuta sabo a kan tsohon. Bara'atu ta yi kuka ta ce da na bar ta ta juya a wani kaset tun da fari.

Goggonka Kadijatu da Kawu Hayatu suna gaishe ka. Ka gaida matarka da yaran. Kada ka sake aiko mini da komai.

In ka zo yanzu, gadon mahaifiyarka yana nan, da kwallayenta, da kwamfuta mai aiki sumul. Muryar Kaltume dai ta tafi, babu ita a ko'ina, kai kuma ba ka ji ta ba.

Mahaifinka,
Manga Sajo