Atamfar da Mama Ta Aiko

Nassarawo, Jimeta
2 ga Janairu

Mama,

Barka da sabuwar shekara. Yaya ƙafar Baba, yaya su Hosea? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

Atamfar da kika aiko ta iso. Anti Queen ta ce ta fi ƙarfin mai wanke-wanke, sai ta ɗinka wa 'yarta Virtue. Jiya a coci, da aka kira iyalai su fita rawar godiya, na miƙe tare da su. Anti ta ce, "Keturah, zauna ki tsare mana jakunkuna. Iyali aka kira." Virtue ta yi dariya.

Na zauna. Mama, tun jajibirin Kirsimeti ban samu zama irin wannan ba, babu mai aike na. Na rufe ido na gaya wa Yesu komai, har zuciyata ta kwanta. Shi bai tambayi abin da na sa ba.

Don Allah kada ki faɗa wa Baba, zai ce in dawo gida, ga jarrabawa ta kusa. Ki aiko mini da ƙuli-ƙuli kaɗan, wanda zan iya ɓoyewa.

Atamfar tana da kyau, Mama. Daga bencin baya ma na gan ta sosai.

Ubangiji ya kiyaye ku.

'Yarki,
Keturah