Kafar Dangarmu

Talata, 14 ga Maris, 2006, Rikoto

Yau na koya wa 'yan aji shida yadda ƙwayoyin halittar jiki ke aika wa maƙwabtansu saƙo ta wasu 'yan ƙofofi da aka yi da sinadarin furotin. Idan ɗaya ta ji rauni, sai a rufe ƙofofin kada ɓarnar ta yaɗu. Ladi ta ce, "Malama, mai raunin fa, shi ke nan an bar ta?" Na ce haka jiki ke tsira.

Na dawo na tarar maƙwabciyata Maman Bitrus ta toshe kafar dangar da muke miƙa wa juna gishiri da garwashi, saboda tarin da maigidana ke fama da shi. Ban ga laifinta ba. Amma amsar da na ba Ladi, ni kaina ba ta ishe ni ba.