Babur Ɗin da Ya Ƙi Wuce Shagon Mai Aski

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yan jikokina. Ya aiki? Ya ƙafar ƙaramar, ta warke? Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta mini wannan. Na sa ta ajiye keke, na kuma sa ta rantse maganar ba za ta fita ba.

Zancen babur ɗin babanka ne. Ka san tun da likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama ma saura kaɗan, aka hana shi hawa. To, ya jawo shi daga rumfa ya goge, wai shekara arba'in yana hawa, hanya ma ta san shi. Ranar na kasa zaune na kasa tsaye.

Yanzu kullum abin da ake ke nan. Ya buga, babur ya tashi, ya fita lungu, kafin shagon mai aski sai ya fara shaƙewa, ya yi tari, ya mutu. Ya turo shi gida yana haki. Wai kafireta ce ba ta samun mai. Ya ƙwace mini babban faranti, ya kwance ta a kai, ya wanke da fetur, ya hura 'yan hudojin da baki, ya zura musu siririyar waya da lalube. Ya canja tiyo, ya canja fulogi, ya juye tanki ya tace man da tsohon ɗankwalina. Sau shida ke nan. Bakanike ya leƙo ya ce wannan babur ai sa'an kakansa ne, a kai wa masu gwangwan. Babanka ya raka shi da sifana.

Auta, ni ce. Mai ɗinki, rubuta haka, ni ce. Akwai wata 'yar huda a murfin tanki, kamar ta allura, ta nan tanki ke shan iska. Shi da bakinsa ya gaya mini tun muna amarci, ranar da babur ɗin ya mace mana a hanya, cewa in ta toshe mai ba ya sauka. Na cusa mata sabulu na shafe da yatsa. Idonsa ba ya ganinta.

Na ɗauka zai gaji ya haƙura. Jiya na tarar da shi gaban farantin yana jujjuya hannuwansa, ya ce ashe ba ido kaɗai ya tafi ba, har kan ma ya bi. Bai taɓa abinci ba. Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa! In na cire sabulun, mota ta kwashe mini shi. In na bari, ina kallo yana ƙarewa a zaune. Ka gaya mini yadda zan yi, ka yi sauri.

Ka gaida kowa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.


Autana,

Ina sake gaishe ka da iyali. Ban jira amsarka ba, don magana ta riga ta fashe.

Shekaranjiya da hantsi ina shara ya kira ni. Ya miƙo mini murfin tankin, ya ce in ɗauko allura. Ya ce idonsa ya mutu amma hancinsa da sauransa, kuma shekara arba'in tankin nan bai taɓa yin ƙamshin wanki ba. Na tono sabulun, shi kuwa yana tsaye a kaina.

Ya mayar da murfi ya buga. Na ruga na tare ƙofa da tsintsiyata, na ce sai dai ya bi ta kaina. Bai ko sauke babur ɗin daga ƙafar ƙarfen da ke tokare shi ba. Ya hau ya zauna, ya karkata kunne yana murza mai. Ni kuma ina lissafi a zuciya: yanzu da ya kai shagon mai aski, yanzu da ya hau titi, yanzu da ya wuce gada. Inji na ta tafiya, ko tari babu. Sai ya kashe, ya buga tanki da tafi ya ce dama ya san kafiretarsa ƙalau take. Ya ci abinci har da neman ƙari.

Amma makulli na aljihunsa, kuma har yanzu ba ya kallon inda nake. Ya ce in gaya maka ya yarda kai ka ja, shi ya zauna a baya, ku zaga gari ya ji iska. Ya ba ka kwana bakwai. In ba ka zo ba zai fita da kansa. Biyu sun tafi. Ko motsi ya yi wajen rumfa sai gabana ya faɗi. Ka nemi izini a wajen aiki, ka ce musu uwarka ce ba lafiya, ba ƙarya ka yi ba.

In za ka zo ka taho mini da sabulu. Ya kwashe na gidan kaf ya kulle a akwatinsa, ko kwano zan wanke sai na roƙa, ya gutsuro mini, ya tsaya har in gama.

Na gaji, Auta. Mai ɗinki, rufe haka nan.

Mahaifiyarka.