Fakon Baba Ya Yi Hatsi

Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Abijan? Ina fata ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Mu nan Tabla lafiya lau.

Ka tuna fakon marigayi Baba na bayan gari, wanda ko akuya ba ta tsayawa? Da rani ƙungiyar matasan garinmu ta roƙi aronsa. Wata ma'aikaciyar furoje, wato shirin raya karkara, ta koya musu haƙa ramuka kamar rabin wata, a zuba taki, ruwa ya kwanta ciki. Dariya na yi musu. Ɗana Isufu, da ke cikinsu, ya ce, "In bai yi ba, bana sai Libiya."

Yaya, hatsin da suka shuka ya fi ni tsawo, kuma Isufu bai ƙara zancen tafiya ba.

Yanzu dangi na cewa mu karɓe gonar tunda ta farfaɗo. Ni kam kunya nake ji, don tun rasuwar Baba ba mu ko waiwaye ta ba. Kai ne babba, kai za ka yanke.

Gaida Hajara da yara. Ka sa mu addu'a, kada mu kori 'ya'yanmu Libiya da hannunmu.

Ƙanenka,
Sani