Iyo a Tabkin Shanu

Assalamu alaikum Yaya Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya aiki, ya Hajara da yara? Mu nan Kamarawa lafiya lau, sai dai fari. Gero ya fara naɗe ganye.

Gasar nan ta Legas da ka sa sunana, ta iyo da keke da gudu, na fara shirinta. Keke ba damuwa, kullum da shi nike zuwa Isa, gudu ma hakanan. Iyo ne matsalata. Ka san ban taɓa ƙetare gulbi ba sai rungume da gora, ga shi bana gulbin ya ƙafe, sai rairayi.

Ruwan da ya rage shi ne tabkin da shanu ke sha, iya ƙugu. Ranar da na fara shiga na dame shi ya koma laka, shanun Arɗo Jabbi sunka zo sunka ƙi sha. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, ruwan bana ba na wasa ba ne. Bari su sha, sannan ka shiga." Kunya ta kama ni. Yanzu zama nike bakin tabki har saniyar ƙarshe ta sha ta ɗaga kai, sannan in shiga.

Ka gaishe da Hajara da maƙwabta, ku taya mu roƙon ruwa. In ya sauka, za ni zo. In bai sauka ba, ka cire sunana. Tabkin ga na shanu ne.

Ƙanenka,
Bello